Filin Lafiyar Iyali: Sanyin Mara, Ƙwayoyin Hanji da Makomar Haihuwa

A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wata cuta wadda kusan babu gidan da ba a ambaton sunanta a Zongo, amma kaɗan ne suka san haƙiƙaninta, wato abin da mata ke kira sanyi, musamman irin wanda ke hawa sama ya kama mara. Dalilin ɗauko wannan batu kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan masana sun gano abubuwa biyu da ke da hannu a cikin lamarin, waɗanda kakanninmu ba su taɓa jin labarinsu ba. Na farko shi ne ƙwayoyin da ke zaune a cikin hanjin ɗan'adam, na biyu kuma wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai da ake kira maikro-RNA. Wannan ilmi yana ƙara haska mana dalilin da ya sa wata mace ke warkewa sarai, wata kuwa ta wayi gari hanyar haihuwarta ta toshe.

Wane sanyi muke nufi?

Kalmar sanyi a bakin mata buhu ce mai ɗaukar kaya iri-iri. Ƙaiƙayin gaba sanyi ne, farin ruwa sanyi ne, zafin fitsari da ciwon baya duk sanyi ne. Wasu daga cikin waɗannan ƙananan larurori ne masu saurin magani. Wanda muke nufi a nan shi ne wanda likitocinmu na Lome ke rubutawa a takarda da Faransanci da sunan salpingite, ko kuma infection génitale haute, wato kumburin da ƙwayoyin cuta ke haddasawa a can saman mara.

Domin a fahimci lamarin, ya kamata mu san yadda halittar wurin take. A ƙarshen farji akwai bakin mahaifa, wanda yake kamar ƙofa. Bayan wannan ƙofa sai mahaifa kanta. Daga saman mahaifa kuma wasu siraran bututu biyu suka miƙe, ɗaya dama ɗaya hagu, tsawon kowanne kimanin santimita 10, zuwa inda ƙwan mace ke nuna. A cikin waɗannan bututu ne maniyyi ke haɗuwa da ƙwai, sa'an nan wasu 'yan ƙananan gasu da ke jikin bangonsu su riƙa kaɗa ƙwan a hankali har ya sauka cikin mahaifa. Idan ƙwayoyin cuta suka ƙetare bakin mahaifa suka hau, sai mahaifa da bututun su kumbura, wani lokaci har su tara mugunya. Bayan kumburin ya lafa yakan bar tabo, tabon nan kuwa shi ke toshe hanya ko ya kashe gasun da ke tura ƙwai.

Alamominsa sun haɗa da ciwon mara wanda yawanci ke kama gefe biyu, da zafi a can ciki lokacin saduwar aure, da fitar ruwa mai launi ko mai wari, da ganin jini tsakanin haila da haila ko bayan saduwa, wani lokaci da zazzaɓi da amai. Sai dai abin tsoro shi ne, mata da yawa ba su jin komai sai ɗan ciwon da ba ya hana aiki, har cutar ta gama ɓarnarta a ɓoye.

Girman abin da ake asara

A birnin Lund na ƙasar Suwidin likitoci sun bi sawun mata fiye da 1,800 da aka tabbatar cutar ta kama su tsakanin shekarar 1960 zuwa 1984. Daga cikin waɗanda suka nemi haihuwa bayan haka, 8 cikin 100 na waɗanda cutar ta kama sau ɗaya sun rasa haihuwa saboda toshewar bututu. Waɗanda ta kama sau biyu, kusan 20 cikin 100. Waɗanda ta kama sau uku ko fiye, 40 cikin 100. Haka kuma samun ciki a wajen mahaifa, wanda kan fasa bututu ya hallaka mace da zubar jini ta ciki, ya ninka kusan sau shida a tsakaninsu. Da aka sake duba bayanan waɗannan mata a 1993, sai aka ga wadda ta yi jinkirin kwana 3 ko fiye kafin ta nemi magani, haɗarin lalacewar haihuwarta ya ninka sau uku a kan na wadda ta je da wuri.

A nahiyarmu abin ya fi muni. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe 25, wanda aka wallafa a 1985, ya nuna cewa fiye da 85 cikin 100 na matan Afirka da aka gano musabbabin rashin haihuwarsu, musabbabin yana komawa ne ga ƙwayoyin cuta. Ma'ana, mafi yawansu an haife su da lafiyarsu, cutar da za a iya magancewa ce ta rufe musu ƙofa. Mu kuwa mun san abin da rashin haihuwa ke jawo wa mace a gidajenmu: habaicin dangin miji, da yawon neman magani har kuɗin sana'arta su ƙare, wani lokaci ma da takardar saki.

Masu gadin ƙofa

An daɗe da sanin cewa ƙwayoyin da ake ɗauka ta saduwa, wato gonoriya da kilamidiya, su ne kan gaba wajen haddasa wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an sami sabbin kamu miliyan 129 na kilamidiya da miliyan 82 na gonoriya. Amma a yau an tabbatar cewa kusan rabin matan da sanyin mara ya kama, ba a samun ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun a jikinsu. Abin da ake samu shi ne taron wasu ƙwayoyi da suka saba zama a farji ko a hanji, waɗanda suka sami hanya suka hau inda ba wurinsu ba. To, me ke hana su hawa ga mace mai lafiya?

Tun a shekarar 1892 wani likitan Jamus mai suna Albert Döderlein ya bayyana cewa gaban mace mai lafiya cike yake da wasu ƙwayoyi masu amfani, waɗanda a yau ake kira laktobasilas. Dangin ƙwayoyin da ke mayar da madara nono ne, kuma aikinsu iri ɗaya ne: suna cin wani nau'in sukari da bangon farji ke ajiyewa, su fitar da tsami. Wannan tsami shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Misalinsu kamar gona ce da shuka ta rufe, ciyawa ba ta samun wurin tsira. Idan aka tuge shukar kuwa, ba a gayyatar ciyawa, da kanta take zuwa. Lokacin da laktobasilas suka ragu, wasu ƙwayoyi marasa son iska sukan mamaye wurin, ruwa mai ƙarni kamar na kifi ya riƙa fita. Likitoci na kiran wannan hali vaginose, kuma yana samun kimanin mace ɗaya cikin huɗu na masu shekarun haihuwa a duniya. Waɗannan ƙwayoyi suna narkar da majinar da ke toshe bakin mahaifa, su buɗe ƙofa ga kansu da kuma gonoriya da kilamidiya.

Ina ruwan hanji da mara?

A 2016 masana suka ƙiyasta cewa jikin babban mutum na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittar jikin nasa ba su wuce tiriliyan 30 ba. Mafi yawan waɗannan baƙi suna zaune ne a babban hanji, kuma akasarinsu masu yi mana hidima ne. Akwai hanyoyi huɗu da al'amarinsu ke shafar marar mace.

Hanya ta farko ita ce maƙwabtaka. Tsakanin dubura da farji 'yan santimita ne kawai, don haka ƙwayoyi na ƙaura daga nan zuwa can, nagari da miyagu. An lura cewa matan da ke da laktobasilas a ƙarshen hanjinsu sun fi tsira daga vaginose, kamar dai hanjin rumbu ne da ake ɗebo iri daga cikinsa.

Hanya ta biyu ita ce sinadarin mata da ake kira istirojin, wanda shi ke sa bangon farji ya ajiye sukarin da laktobasilas ke ci. Hanta takan ɗaure wani ɓangare na wannan sinadari ta zubar da shi cikin hanji domin ya fita da bayan gida, amma wasu ƙwayoyin hanji sukan kwance shi, jiki ya sake tsotse shi. Ke nan abin da ke faruwa a hanji yana iya ƙara ko rage abincin masu gadin ƙofa.

Hanya ta uku ita ce garkuwar jiki. Idan ƙwayoyin hanji suka sami dusa da harzar abinci, sukan narkar da su su fitar da wasu ƙananan sinadarai masu ciyar da bangon hanji, masu kuma horar da dakarun garkuwar jiki su san lokacin faɗa da lokacin tsayawa. A 2010 masanan Italiya sun kwatanta yaran ƙauyen Bulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorans. Sai suka tarar yaran ƙauyen sun fi yawan ƙwayoyin da ke narkar da harza, sun fi yawan waɗancan sinadarai masu amfani, kuma miyagun ƙwayoyi masu sa gudawa sun fi ƙaranci a cikinsu.

Hanya ta huɗu ita ce maɓuya. An gano cewa kusan biyu cikin uku na matan da ke da kilamidiya a gaba, tana nan kuma a ƙarshen hanjinsu, ko da ba a taɓa kusantarsu ta wannan wuri ba. A gwajin da aka yi kan ɓeraye a jihar Tekzas ta Amurka, an ga ƙwayar tana barin mara ta tare a hanji ta daɗe, kuma akwai alamun zamanta a can na ƙara tabon da ke samuwa a bututun ƙwai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauya shawara a 2021, ta fifita maganin kwana 7 a kan na haɗiya ɗaya, domin shi ya fi kakkaɓe ƙwayar daga hanji.

Har ila yau, masu bincike sun ɗauki bayanan gadon halitta da na ƙwayoyin hanjin mutum 18,340 da aka tattara aka wallafa a 2021, suka auna su da bayanan matan da sanyin mara ya kama, suka sami alamun cewa wasu dangogin ƙwayoyin hanji na tafiya tare da ƙarancin cutar, wasu kuma tare da yawanta. Sai dai mafi yawan waɗannan mutane Turawa ne, waɗanda cimarsu ba tuwo da miyar kuka ba ce, don haka sakamakon manuniya ce ga masu bincike, bai kai matsayin takardar magani ba.

Mai janye itace daga murhu

Yanzu sai mu koma ga maikro-RNA. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai kundin gado, wanda ke ɗauke da umarnin duk abin da jiki zai ƙera. Idan ana bukatar wani abu, sai a kwafi umarninsa a aika da saƙo zuwa inda ake ƙira. Maikro-RNA wani ɗan guntun zare ne mai haruffa kimanin 22, wanda ke tare wannan saƙo a hanya ya manne masa, ya rage masa ƙarfi ko ya sa a yage shi. Masana biyu na Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su suka gano shi a 1993 a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. A shekarar 2000 aka tabbatar akwai irinsa a jikin ɗan'adam, a yau kuma an san muna da nau'i fiye da 1,000. Saboda wannan aiki aka ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024.

Alaƙarsa da batunmu ita ce, yawancin ɓarnar da ake samu a bututun ƙwai, musamman a kamun kilamidiya, kumburin da jiki ya tayar domin yaƙar ƙwayar shi ke yin ta. Kumburi kamar wutar murhu yake. Sai da ita abinci ke nuna, amma idan tukunya ta tafasa ba a janye itace ba, tuwo ya ƙone. Wasu nau'o'in maikro-RNA, irin wanda ake kira miR-155, suna iza wutar. Wasu kuma, irin miR-146a wanda masana a Kaliforniya suka bayyana aikinsa a 2006, su ne masu janye itacen. A gwajin ɓeraye an ga kilamidiya na sauya ma'aunin maikro-RNA a bututun ƙwai, kuma wannan sauyi na tafiya tare da rikiɗewar lallausan bangon bututun zuwa tabo mai tauri.

A nan ne kuma zaren ya sake komawa hanji. A 2016 masana a birnin Boston suka nuna cewa bangon hanji yana sakin maikro-RNA, ya shiga cikin ƙwayoyin bakteriya ya sauya yadda suke yaɗuwa. Ɓerayen da aka hana wa wannan baiwa, ƙwayoyin hanjinsu sun hargitse, kumburin hanji kuma ya fi yi musu illa. Su ma ƙwayoyin, ta hanyar sinadaran da suke fitarwa, suna sauya maikro-RNA na jiki. Wato zance ne ake yi tsakanin ɓangarorin biyu dare da rana, ba tare da mai jikin ya sani ba.

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan ilmi a fili. Har zuwa yau babu wani awon maikro-RNA ko maganinsa da aka amince a yi amfani da shi a asibiti domin sanyin mara, a Lome ko a Paris. Duk wanda ya tallata muku wani garin magani ko ruwan kwalba a WhatsApp ko TikTok, yana cewa yana gyara ƙwayoyin hanji ya buɗe bututun da ya toshe, to kuɗinku yake so. Amfanin wannan ilmi gare mu a yanzu shi ne ya nuna mana cewa jikin mace yana da masu tsaronsa, kuma wasu al'adunmu na yau da kullum su ke karya su.

Abubuwa huɗu da ke hannunmu

Na farko, kafson kasuwa. Mace ta ji ciwon mara, sai ta aiki yaro wurin mai tallar magani a tire, ya sayo mata ja-da-rawaya guda huɗu ko shida. Ciwon ya lafa, ta ɗauka ta warke. Wannan ɗan magani bai isa ya kashe ƙwayar da ke cikin bututu ba, amma ya isa ya yi wa masu amfani ɓarna. A wani gwaji da aka yi a Danmak aka wallafa a 2018, an ba lafiyayyun maza 12 magungunan kashe ƙwayoyi masu ƙarfi na kwana 4 kacal, bayan wata 6 aka tarar akwai nau'o'i 9 na ƙwayoyin hanji da ba su dawo ba a jikin mafi yawansu. Bugu da ƙari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci, kuma a nan Lome ne aka yi taron shugabannin Afirka a watan Janairun 2020 domin yaƙi da fataucinsa. Maganin sanyin mara na gaskiya haɗi ne na magunguna, galibi allura ɗaya da ƙwayoyi iri biyu da ake sha har kwana 14, likita ne ke rubuta shi, a kantin magani mai lasisi ake sayensa, kuma ana shanye shi ko da ciwo ya tafi tun rana ta uku. Idan an kwana 3 ana sha ba a ga sauƙi ba, a koma asibiti. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, wato doksisaikilin, ba a haɗa shi da fura da nono a lokaci guda, sai a bar tazarar awa biyu, kuma mai ciki ba ta shansa.

Na biyu, wanke-wanke da cushe-cushe. Kurkure cikin farji da sabulu ko ruwan kashe ƙwayoyi, da cusa alif ko garin ganye ko haɗe-haɗen matsi da ake sayarwa a gidajen biki, duk suna kashe laktobasilas su gusar da tsamin da ke kare mace. Binciken da aka tattara daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara a 2011 ya nuna cewa masu wanke ciki da sabulu sun fi kamuwa da vaginose. Cikin farji yana tsabtace kansa da kansa. Malaman fiƙihunmu ma, tun daga Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sun koyar cewa tsarki na abin da ya bayyana ne, ba a ɗora wa mutum wanke abin da ya ɓuya a ciki ba. Ruwa mai tsabta a waje ya wadatar, kuma a koya wa 'yan mata tun suna ƙanana su riƙa yin tsarki daga gaba zuwa baya, domin kada a jawo ƙwayoyin hanji zuwa gaba. Game da abinci kuwa, a riƙe tuwon dawa da na gero, da wake, da miyar kuka da kuɓewa da ayoyo, da koko da kindirmo, a rage lemon kwalba da kayan gwangwani. Wannan yana gina lafiyar hanji, amma ba ya maye gurbin magani idan cuta ta riga ta kama. Kindirmo na sha ne, kada a cusa shi, domin ƙwayoyinsa daban suke da na farji.

Na uku, jinkiri. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni a 1977 aka dawo da shi nan Agwe, kimanin kilomita 15 daga inda yake, manyan asibitoci irin su CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin sun yi mana ɗan nisa, kuma mace mai sana'a da yara takan ga fita asibiti asarar yini ce. Amma matakin farko ba ya bukatar zuwa can. Ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa suna da ungozomomi da ke iya dubawa su rubuta magani, su tura wadda ciwonta ya yi tsanani gaba. Ƙungiyar ATBEF ma tana duba irin waɗannan larurori. Wadda kunya ke hana ta bayani gaban namiji tana da damar neman mace ta duba ta, barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. A kula musamman bayan haihuwa da bayan ɓari, domin a lokacin bakin mahaifa a buɗe yake. Zazzaɓi ko jini mai wari a kwanakin jego ba abin jira ba ne, kuma shirin Wezou da gwamnati ta ƙaddamar a 2021 ya rage wa masu ciki nauyin awo da haihuwa a asibiti. Wadda kuwa hailarta ta yi jinkiri, sa'an nan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ɗigon jini, a kai ta babban asibiti nan take ko da tsakar dare ne, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

Na huɗu, kuma a nan muna magana ne da magidanta kai tsaye. Yi wa uwargida magani a bar maigida, ɗiban ruwa ne da kwando. Namiji na iya ɗauke da kilamidiya watanni bai ji komai ba, ya riƙa mayar wa matarsa ita duk lokacin da ta warke, kuma mun ga yadda kowane sabon kamu ke ninka haɗarin toshewar bututu. Ko vaginose ma, wadda a da ake ɗauka lamarin mace ce ita kaɗai, wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan ma'aurata 164 aka wallafa a watan Maris na 2025, ya nuna cewa idan aka yi wa mace magani ita kaɗai cutar na dawo wa 63 cikin 100 a cikin mako 12, idan kuwa aka haɗa da mijin sai ta dawo wa 35 kawai. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, idan awo ya nuna gonoriya ko kilamidiya, sai a duba maigida da dukkan matansa a yi musu magani a lokaci guda, a kuma dakatar da saduwa har kowa ya gama shan nasa. Wannan amfanin namijin ne shi ma, domin ƙwayoyin nan kan kama marainansa su rage masa haihuwa.

Kada cuta ta zama tuhuma

Akwai abin da ke sa mata da yawa su ɓoye ciwon nan, wato tsoron kada a zarge su. Muna so kowane magidanci da kowace uwar miji su riƙe wannan magana: samun sanyin mara ba hujja ba ce ta cin amanar aure. Mun riga mun bayyana cewa kusan rabin masu cutar, ƙwayoyin jikinsu ne suka hau, wasu bayan haihuwa, wasu bayan ɓari, wasu saboda wanke-wanken da aka koya musu da sunan tsabta. Ko inda aka sami kilamidiya, ƙwaya ce mai iya kwanciya shiru tsawon lokaci a jikin namiji ko mace, ta yiwu tun daga auren da ya gabata, kuma awo ba ya nuna wanda ya fara kawo ta. Gidan da aka mayar da ciwo abin tuhuma, matansa za su ci gaba da aiken yara wurin mai tire a ɓoye, ƙarshenta kuwa asarar ta kowa ce.

Masana na ci gaba da aiki. A 2020 an gwada mayar wa mata laktobasilas irin na farji bayan magani, dawowar vaginose ta ragu daga 45 zuwa 30 cikin 100, kuma ana fatan wata rana ɗigon jini zai nuna wace mace ce kumburinta ke neman barin tabo tun kafin ya bari. Kafin wannan rana ta zo, mace mai ciwon mara ta isa wurin ungozoma ko likita cikin kwana biyu, mijinta ya biya kuɗin maganin kwana 14 ya kuma sha nasa, uwa kuma ta hana 'yarta amarya cushe-cushen gidan biki. Kuɗin wannan duka bai kai na ragon suna ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya azurta masu neman haihuwa da zuriya ɗayyiba.